Wa'adi Ba Ya Kashe Baiwa

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu son karatu cikin Hausawan Abijan, daga rumfunan Adjamé har majalisun bayan isha'i na Treichville. Cewa ake yi rubuta littafi baiwa ce, baiwa kuwa ba a yi mata tilas. Marubucin ƙwarai jira yake sai abin ya motsa masa, hankalinsa ya kwanta, ya sami sarari daga neman na tuwo, sa'an nan ya ɗauki alƙalami. Duk wanda ya ce zai yanke wa kansa kwana talatin ya rubuta labari, ko dai wasa yake, ko neman suna. Akan rufe zancen da karin magana, a ce sauri ya haifi nawa, a ce gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Masu wannan magana ba ƙananan mutane ba ne. Cikinsu akwai dattawan da suka yi shekaru gaban malamai suna bin littafi layi-layi. Akwai waɗanda suka karanta Magana Jari Ce tun suna 'yan makaranta, har yau kuma za su ba ka labaran Aku da ka. Akwai 'yan lakwal da suka ƙoshi da adabin Faransanci. Girman alƙalami ne a zukatansu ya sa suke tsoron a wulaƙanta shi, kuma ina tare da su a wannan tsoro. Inda muka rabu shi ne maganin da suke bayarwa, wato jira. A ganina jiran nan ya cinye mana littattafai fiye da waɗanda gaggawa ta ɓata.

Abin da ya tayar da zancen wata al'ada ce da ta faro a Amurka a 1999. Wani mutum, Chris Baty, ya tara abokansa a yankin San Francisco, su 21, suka yi alkawarin kowa zai rubuta ƙagaggen labari cikin wata guda. Da shekara ta zagayo suka mayar da abin watan Nuwamba, aka san shi da sunan NaNoWriMo. Sharaɗin guda ne: kalmomi 50,000 daga 1 ga wata zuwa 30, wato 1,667 kowace rana. Babu alƙalin da zai duba ko labarin ya yi daɗi, babu kyautar kuɗi, wanda ya cika adadi shi ne ya ci. Abin ya yaɗu har dubban ɗaruruwan mutane suka riƙa shiga daga ƙasashe daban-daban. Ƙungiyar da ke shirya shi ta rufe a 2025 bayan ƙarancin kuɗi da rigingimu, har da taƙaddama kan matsayinta game da rubutun da na'ura ke yi wa mutum. Amma dabarar ba ta buƙatar ƙungiya. Takarda, biro da alkawari sun isa.

Ni ma na ɗaukar wa kaina irin wannan alkawari, ban yi rajista da kowa ba. Labarin wani yaro na rubuta, ɗan ƙasar Adar, da ya biyo mota zuwa wurin kawunsa mai sayar da garba, abincin nan na rogo da soyayyen kifi, yana wanke faranti yana yanka albasa da attaruhu, yana koyon Faransancin titi daga bakin masu saye. Na daɗe da labarin nan a raina, shekaru ina ba abokai shi gutsure-gutsure, ina cewa wata rana zan rubuta. Abin da watan ya nuna mini shi ne sha'awar rubutu ba ta cika riga aiki zuwa ba, bayansa take biyowa. Sau da yawa nakan zauna bayan sallar asuba kaina fayau, in fara da abin da ke gabana, misali yadda kawun ke juya kifi a cikin mai, kafin in cika shafi sai ga wata mata ta shigo labarin da rigimar canjin sefa ɗari, sai ga dalilin rigimar, sai ga ɗanta da ke asibiti. Ban san da ita ba kafin in zauna. Da na tsaya jiran ta zo mini ina kan gado, da har yau ba ta zo ba.

Duk ɗan kasuwar Adjamé ya san adashi. Ba wanda ke ce wa uwar adashi ta dawo ranar da ciniki ya yi albarka. In ta zo ka zuba, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba, kuma da wannan zubi na dole ake sayen keken ɗinki, ake biyan kuɗin rumfa, ake aika na iri gida kafin shuka. Wa'adin rubutu ba ya wuce haka.

Amma ba da abin da ya same ni zan kare magana ba, tunda ni ba kowa ba ne a fagen nan. Mu duba littattafan da dattawanmu ke bugun ƙirji da su. Ƙagaggen labarin Hausa na boko kansa ɗan gasa ne. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewacin Najeriya yana roƙon masu ilimi su rubuta labarai a shiga gasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya sha wahala kafin ya shawo kansu, domin a wurinsu rubutu na addini ne da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Daga wannan kira aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam, wanda aka haifa a 1911, yana malamin Midil a Katsina, bai wuce shekara 22 ba. Tafawa Ɓalewa ma matashin malamin makaranta ne. Mutane ne masu aji a gabansu da littattafan yara da za su duba da dare. Ba su yi ritaya suka rubuta ba, ba su kuma jira sarari ba. An ce musu ana so, kuma ana jira, suka zauna suka yi.

Magana Jari Ce ma haka. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna ya saƙa su da zaren Hausa har littafi uku. Wata shida, littafi uku. Yanzu shekara kusan casa'in ke nan ana karanta su, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ƙamshin gaggawa yake ji a cikinsu ba. Baiwar Imam ba wa'adi ne ya ba shi ita ba, Allah ne. Amma a Katsina ma yana da baiwar, kuma ba a can ya rubuta Magana Jari Ce ba, sai da aka yanke masa lokaci aka zaunar da shi.

Haka abin ya ci gaba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, ta hanyar gasar kamfanin NNPC na Zariya ya fito a 1980, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya sun fito a 1982 daga gasar da sashen al'adu na gwamnatin tarayyar Najeriya ya shirya. Tun 2016 kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa take sa mata zama su rubuta, da ranar rufewa da iyakar kalmomi. Mace nawa ce da ba don an ce ranar kaza za a rufe ba, da labarinta na nan cikin ranta tana jiran yara su girma? In ma aka koma baya da boko, makaɗin fada bai taɓa aika wa sarki cewa a ɗaga naɗi ko hawan salla sai waƙa ta zo masa ba. Rana ce aka sa, shi da 'yan amshinsa su kwana suna ɗinki, gari ya waye su fito da ita.

Nan Treichville ma muna da shaida a ƙofar gida. A ƙarshen shekarun 1950 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir a layukan unguwar, tare da samarin Nijar 'yan ci-rani masu dakon kaya a tashar jiragen ruwa. Babban ɗan wasan shi ne Oumarou Ganda, Bazabarme daga Yamai, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin. An ɗauki hotuna ba murya, daga baya aka zaunar da Ganda gaban majigi aka ce ya yi magana, ya yi ta zubo abin da ke cikinsa game da dako da talauci da yaƙi da burin da bai cika ba. Fim ɗin ya sami kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958. Labarin yana bakin Ganda tun kafin Rouch ya zo, kamar yadda yake bakin dubban 'yan'uwansa. Abin da Rouch ya kawo shi ne na'ura, da lokaci, da kunnen da ke jira. Ganda kuwa da ya gane yana da abin faɗa bai tsaya nan ba. Ya koma gida ya yi nasa fina-finan, ya yi Cabascabo a kan tsohon soja, ya yi Le Wazzou polygame wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Ni abin da ke ci mini rai a tarihin nan shi ne sai da baƙo ya zo daga Faransa ya ce masa faɗi yanzu.

Masu cewa sai hankali ya kwanta kuma, su dubi sunan da ke jikin Fadar Al'adu ta Treichville a bakin ruwa. Mai sunan, Bernard Dadié, yana kurkukun Grand-Bassam ne, bayan an kama shi a 1949, ya riƙa rubuta abin da ya zama Carnet de prison.

To, sai in zo inda dattawana suke da gaskiya, kuma gaskiyar ba ƙarama ba ce. Abin da ake samu a ƙarshen wata ba littafi ba ne tukuna, ɗanyen rubutu ne. Nawa ya fito da maimaici, da mutanen da suka shigo suka ɓace ba sallama, da babin da bai ƙara komai ba. Haka na kowa ke fitowa. The Night Circus na Erin Morgenstern, wanda masu wannan al'ada ke alfahari da shi, a irin wannan wata ya faro, amma sai da ta yi shekaru tana rushewa tana sake gini kafin ya fito a 2011. Ɓarnar da dattawa ke gani tana faruwa ne in mutum ya tashi daga ranar 30 ya nufi maɗaba'a ranar 31. Mun ga irin haka a wasu littattafan kasuwar Kano, muna kuma gani yanzu a wasu labaran da ake sakewa kullum a WhatsApp da Wattpad, inda marubuciya ke tura shafi ba ta ko sake karantawa ba saboda masu biya na jira, labari ya yi ta miƙewa har ya manta inda ya dosa. Wannan abin takaici ne. Sai dai laifin yana ga rashin gyara, kuma gyara ba ya yiwuwa sai da abin gyarawa. Shafi ɗari marasa kyau ana iya zama a kansu shekara a mayar da su sittin masu kyau. Labarin da ke cikin kai kuwa babu mai iya sa masa jan biro.

Akan kawo mini Ahmadou Kourouma a matsayin hujja, a ce dubi yadda ya yi shekara 22 tsakanin littafinsa na farko da na biyu. Haka ne. Les Soleils des indépendances ya fito a Montréal a 1968, bayan maɗaba'un Faransa sun ƙi shi, Monnè kuma sai a 1990. Amma a tuna mutumin masanin lissafin inshora ne, kuma yawancin shekarun nan ya yi su ne yana riƙe da manyan ayyuka a Kamaru da Togo. Da ya aje aiki, littafi biyu ya fitar a 1998 da 2000. Ban ga abin da ke nuna tsawon jiran ne ya ƙara masa baiwa ba. Abin da na gani shi ne masu karatu sun yi shekara ashirin ba su ji daga gare shi ba. Ni darasin da na fi ɗauka daga Kourouma wani ne dabam. A littafinsa na farko ya ɗauki Fama, ɗan sarautar Malinke da kasuwanci ya karye masa bayan samun 'yancin kai, wanda ya koma bin gidajen sadakar mamaci a babban birni don abin kaiwa baka, ya sa duniya ta san shi. Mutumin arewa, Musulmi, ɗan kasuwa, baƙo a birnin bakin teku. Irin Fama nawa ne a cikinmu?

Ka bi masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a Adjamé, musamman lokacin komawa makaranta, ka ga abin da ke akwai: littattafan aji, da labaran soyayya na Adoras da kamfanin NEI ya fara fitarwa a 1998, da na Isaïe Biton Koulibaly, duk da Faransanci. Mutanen ƙasar nan suna rubuta rayuwarsu, har soyayyarsu ta cikin gbaka, motocin haya. Mu kuwa tarihinmu a baki ya fi yawa. Akwai fataken goro da suka san Anyama tun kafin a haifi yawancinmu. Akwai mahauta da dillalan shanu na Port-Bouët. Akwai waɗanda suka ɗanɗani katin zama da aka ɗora wa baƙi a 1990, suka san yadda ake sauko da mutum daga mota saboda shi, har aka soke shi ga 'yan Afirka ta Yamma a 2007. Akwai waɗanda jarinsu ya rabu biyu dare ɗaya da aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Akwai rikicin da ya ɓarke a 2002, da abin da ya faru bayan zaɓen 2010 har zuwa Afrilun 2011, lokacin da baƙunta kaɗai ta isa ta jawo wa mutum halaka a shingen unguwa, mutane suka cika motoci suka nufi gida da abin da hannu ya iya ɗauka. Ga rushe-rushen 2024 a Boribana da Gesco. Waɗanda suka zo a shekarun 1960 suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace jana'iza kuma da abin da take binnewa wanda ba a rubuta ba. In ana maganar gaggawa, wannan ce gaggawar da ke kanmu, ba mu muka ɗora wa kanmu ita ba.

Na san ɗan kasuwa zai ce ina lokacin? Tambaya ce ta gaskiya. Mai garba tun duku-duku yake gaban wuta, mai rumfa ba ya rufewa sai magariba, ga cunkoson hanya. Shi ya sa ban ga dalilin kwaikwayon Nuwamba ba. A nan Nuwamba lokacin shigo da kayan ƙarshen shekara ne. Watan Yuni ya fi mana, sa'ad da ruwa kan wuni yana zuba, masu saye su yi ƙaranci, mutum ya zauna a rumfa yana kallon kwata na ambaliya. Adadin 50,000 ma ba wahayi ba ne. Ruwan Bagaja ɗan ƙaramin littafi ne da ake gamawa a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya yi alkawarin shafi biyu kullum ya cika, ya tashi da shafi sittin. Wanda bai iya Hausar boko ba ya rubuta da ajami, wanda hannunsa bai saba ba ya faɗa a waya, ƙaninsa ɗan makaranta ya kwafe. Ƙa'idojin rubutu a bar su sai lokacin gyara.

Wani abu kuma da ya fi adadi muhimmanci shi ne mai jira. Tsakiyar wata akwai inda ƙarfi ke ƙarewa, ɗokin farko ya tafi, ƙarshe bai bayyana ba, mutum ya fara ganin labarin nasa ba shi da amfani. Abin da ya fitar da ni daga nan 'yan majalisarmu ne. Na riƙa karanta musu abin da na rubuta bayan isha'i ana shan shayi, kuma da na tsaya sai wani ya ce, to daga nan fa? Wani ya ce ai kawun nan ba zai yi haka ba, mutumin Adar ba ya barin ɗan 'yar'uwarsa ya kwana a waje. Kunyar in zo musu hannu rabbana ita ta riƙa tashe ni da asuba. East ne mai jiran Imam, Rouch ne mai jiran Ganda. Mu ba mu da hukumar talifi a Abijan, amma muna da majalisa a kowane layi.

Saboda haka, Allah gafarta malamai, roƙona gare ku ba ku daina tsananin da kuke da shi ba ne. Muna buƙatarsa, sai dai a matsar da shi gaba kaɗan. In yaro ya ce zai rubuta littafi cikin wata, kada a karya masa gwiwa da karin magana tun bai fara ba. A ce masa bismilla, a tambaye shi kowane dare ina ya kai. In ya gama, a karɓi takardun a hana shi zuwa maɗaba'a. Ku da kuka san yadda Treichville take kafin a gina gada ta biyu a 1967, ku da kuka san nawa ake biyan ɗan dako da wace hanya motocin Maraɗi da Tawa ke bi, ku zauna da shi ku nuna masa inda ya yi ƙarya bai sani ba, da inda Hausarsa ta zama Faransanci sanye da babbar riga, da babin da ya kamata ya yage. Wannan aikin zai ɗauki shekara, watakila fiye, kuma nawa rubutun yana cikin waɗanda ke jiransa.